Baturiya Ba Ta Shan Santatik

Kawuna Illo ɗan dukawa ne na tsohon garin Agadas, amma bai gaji allura ba. Mahaifinsa, wato kakana, ya yi shekara arba'in yana ɗinka jakunkuna da takalma a wani zaure da ke bayan dogon masallaci, kuma ya so ƙwarai Illo ya zauna kusa da shi. Illo ya zauna har ya shekara goma sha bakwai. Ran nan wata babbar mota mai zuwa Arlit ta tsaya shan ruwa a unguwar, ya yi hira da matuƙinta, washegari aka neme shi aka rasa. Da ya dawo bayan wata shida, ya iya tuƙi, ya iya tofar da yawu ta taga, ya kuma ce shi da warin jima sun yi sallama.

Abu guda ya ɗauko daga zauren nan bai yar ba, shi ne ƙyamar kalmar santatik. A zamanin, Turawa masu yawon buɗe ido sukan shigo su ɗauki jaka, su shinshina, su tambaya da Faransanci ko fata ce ko kuwa synthétique. Kakana ba ya jin Faransanci, amma wannan kalma ya san ta. Sai ya ƙyasta alimeti ya kara a gefen jakar, ba abin da zai same ta. Sannan ya jawo wani guntun roba da ya ajiye musamman, ya kara masa wutar, ya narke yana wari. Daga nan kalmar ta shiga gidanmu ta zauna. Shayin da bai ji ganye ba santatik ne. Surukin da ya ce zai zo bai zo ba, shi ma santatik ne.

Motarsa ta kansa ya same ta ne a 1989, daga hannun wata Bafaransa da ta ƙetaro hamada daga Tamanrasat ta ce ta gaji. Kat-kat ce, irin mai ratsa rairayi, mai shan gazuwal, ruwan ƙasa, tun lokacin ma ba sabuwa ba. Ya sa mata suna Baturiya. Da ita ya yi shekaru yana kai baƙi Tenere da Timiya da Iferwan, yana dafa musu shayi a gindin tudun rairayi. A wajensu ya koyi kalma ta biyu. Ba sa shan ruwan rijiya ko da na sanyin tulu ne, sai na kwalba mai hatimi, wanda suke kira minaral. Illo ya ajiye wannan ma a ransa: minaral shi ne mai tsabta, na manya.

Da tawaye ya sake tashi a duwatsu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Baturiya ta koma ɗaukar albasa daga Tabelot da fasinja zuwa Ingal, har da awaki in ta kama. Sai damanar 2009 ta ƙi. Rijiyoyin lambu suka ja baya, albasa ta yi ƙaranci, masu dabbobi kuma ba su da abin hawa mota. Cikin watan Fabrairu sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ba da jimawa ba aka fara faɗin kalmar yunwa a rediyo, wadda a da ake kewaye ta. Ni kuma a wannan rani na dawo daga Tunis bayan shekara shida ina karatun auna ƙasa, na zauna gidan mahaifiyata ina jiran aiki, ina karanta wa maƙwabta takardu, suna ce mini ɗan lakol, wato ɗan boko.

Na tarar Baturiya ta yi wata huɗu a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Wani ɗan kasuwa yana ta aike yana son ya saye ta ya sa ta hanyar Dirku. Kawu ya riga ya gaya wa matarsa Kande cewa in bazara ta wuce bai sami aiki ba, zai sallama. Ya faɗa mata ne yana kallon bango.

Cikin watan Afrilu wani proje na agaji ya sanar yana neman motoci takwas da za su riƙa kai gero da dusa ƙauyukan Abzin, da rakiyar soja. Mutum goma sha biyu suka rubuta suna. Mai kula da motocin projen, wata Madam Aissa da ta zo daga Yamai, ta tara su ran Litinin ta ce ayari ne, in mota ɗaya ta tsaya duka an tsaya, don haka kowa ya je ya yi juyen mai kafin Alhamis, ranar da za ta duba ta zaɓa. Ta ba kowa bido biyu, wato jarka, na man moter, man da ake zuba wa inji. Ta ce ƙa'idar projen ce, da wannan za a yi, santatik ne.

Da la'asar Kawu ya shigo gidanmu da bido ɗaya a hannu, ya dire shi gabana.

"Ɗan lakol, karanta mini wannan."

Na karanta. Ya ce, "To, na ji da kyau ke nan. Ka ga rainin da ake mana. Su farar motarsu na shan minaral, mu talakawa a ba mu na roba."

Ashe har ya riga ya je wurin Nomau. Nomau bakanike ne, mutumin Tawa, ya zo Agadas gyaran mota ɗaya tun kafin a haife ni, bai koma ba. Garajinsa gindin wata aduwa ne kusa da tasha, kuma shi kaɗai ke taɓa cikin Baturiya. Kawu ya je masa da dabara: ya ba shi bido biyun nan, shi kuma ya ba shi minaral mai kauri irin wanda suka saba. Ya ce duk hanya zuciyarsa na dukan sa, don zai cuci abokin shekara talatin.

"Sai me ya faru, Kawu?"

"Sai ya ce to. Nan take. Nomau da ba ya yarda da ko musayar ƙusa sai an sha shayi na uku. Ko na farko ba a sauke ba ya miƙo hannu. Shi ne na ce bari in je in yi fitsari, na ɗauko kayana na taho."

Na yi masa bayani yadda na iya. Na ce a man mota sunayen sun juya. Minaral shi ne wanda aka haƙo daga ƙasa aka tace, shi ne na kowa da kowa. Santatik kuwa harhaɗa shi ake yi a masana'anta, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, shi ne manyan motoci na zamani ke sha.

Ya ɗaga bidon ya sake duba shi.

"Wato wanda Allah ya yi shi ne na baya, wanda mutum ya yi shi ne na gaba."

"A man mota, kusan haka ne."

"Kusan," in ji shi. "Ashe shekara ashirin ruwan rijiya nake ba ta ina taƙama."

Abin da ban sani ba game da Kawu shi ne, in ya tuba ba ya tuba rabi. Ran Talata da safe muka tura Baturiya ta tashi, muka nufi gindin aduwa, shi a gaba yana yi wa duk wanda muka gamu da shi wa'azin santatik.

Nomau ya kwance bakin bidon, ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya shinshina. Haka yake yi wa kowane mai. In kuma moter yake son ji, doguwar ƙusa yake karawa a jikinsa ya ɗora kunne a ɗaya bakin.

"Mai ne na ƙwarai," in ji shi. "Amma ba nata ba ne."

"Jiya da za ka karɓe shi ai ba ka ce haka ba, ɓarawon Tawa."

"Jiya ba tambayata ka yi ba, cuta ta ka zo yi. Illo, dubi man nan, ruwa-ruwa ne. Tsohuwar nan duk jikinta sako-sako ne. Mai kauri take so."

"Yaro ya karanta. Ka fi takarda ne?"

Nomau ya juyo ya dube ni. "Ɗan lakol, takardar ta ce wani abu a kan motar da ta girme ka?"

Na sake duba bayan bidon. An rubuta da harshe huɗu cewa ya dace da kowane irin moter. Na faɗa musu haka, don haka aka rubuta. Nomau ya ɗaga kafaɗa, ya shiga ƙarƙashin mota. Baƙin mai ya zubo cikin tasa kamar kunun da ya kwana, aka zuba sabon, launinsa kamar shayi na uku. Da aka tada ta, wallahi sautinta ya yi laushi. Kawu ya zagaya gari sau biyu, ya fita hanyar Ingal ya dawo, ya tsaya ƙofar gida ya ce wa Kande ta fito ta ji yadda mota ke magana in ta ci abinci mai kyau.

Ran Laraba da hantsi Kande ce ta aiko a kira ni. Na tarar da Kawu tsugune. Ƙarƙashin Baturiya ƙasa ta jiƙe faɗin faifai, wata kaza ta bi ta ciki ta bar sawu har bakin zaure.

Nomau ma bai yi dariya ba, ko da yake na ga yana so. Ya nuna mana da yatsa inda man ke tsattsafowa, wuri uku. Ya ce robobin da ke riƙe mai a moter sun bushe tun tuni, daskararren datti na shekaru ne ya toshe kafofin. Sabon man ya shigo da tsabtarsa ya wanke dattin, ga shi kuma siriri, ya sami ƙofa a buɗe.

"Wato dattin ne ke riƙe da ita," in ji Kawu.

"Kamar ni da kai."

Na tambaya ko ba za a sake robobin ba. Nomau ya ce za a sake, in an aika Yamai an samo, an sauke moter, nan da mako uku. Dubawa kuwa gobe ne. Abin da zai iya yau shi ne ya juye wannan, ya ɗaure abin da ke ɗauruwa, ya mayar mata da mai kaurin da ta sani. Yoyon zai ragu. Ko zai tsaya, bai yi alkawari ba.

Suka yi hakan. Nomau ya tace santatik ɗin da tsumma mai tsabta ya mayar cikin bido, sannan ya kawo shawara yana goge hannu.

"Gobe in ta ce santatik, ka ce wi Madam. Ba ta da ido a cikin moter. Wannan kuma ka bar shi nan, in ajiye maka."

"Ka ajiye mini."

"In ajiye maka mana."

Kawu ya ɗauki bidonsa biyu ya sa bayan kujera. A hanya na ce masa shawarar Nomau ba ta rasa hankali ba, kuma ni ba zan faɗa wa kowa ba. Na faɗi haka ne don ina jin laifi. Ya ce, "Tsohona ya yi shekara arba'in bai miƙa wa Bature roba ya ce fata ce ba. Ba kuma don Baturen zai gane ba."

Ran Alhamis ƙarfe takwas motoci goma sha biyu suka jeru a filin projen, fili ne na rairayi mai katanga. Na bi shi don in yi tafinta in ta kama, Nomau kuma ya zo don kallo. Madam Aissa ta fito da takarda a hannu, gajeriya ce mai tabarau, ba ta ɓata lokaci. Takan duba taya da fitila da birki, ta ce, "Synthétique?" matuƙi ya ce, "Wi, Madam," ta ja layi. Daga baya na ji rabinsu a ranar Litinin ɗin ma man bai kwana hannunsu ba, sun sayar.

Da ta iso kan Baturiya, Kawu ya dire bido biyu a gabanta.

"Madam, ga kayanku. An sha kwana ɗaya, amma an tace."

"Baba, mene ne wannan?"

"Na ba ta, ta amayar. Ba ta shan santatik. Minaral ke cikinta, mai kauri."

Matuƙa suka fara matsowa. Wani Gambo, mai wata doguwar mota shuɗiya, ya ce, "Baturiyar da ba ta cin abincin Turawa, ai sai a kai ta gidan tsofaffi."

Madam Aissa ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ba ita ta rubuta ba. Ta ce abin da ke damunta ba sunan mai ba ne, motar da za ta zubar da manta a tsakiyar duwatsu ne, ga sojoji na jira, ga mutane na jiran gero. Na fara bayani da Faransanci a kan tsofaffin motoci, ta ɗaga mini hannu.

"Kai ne bakaniken?"

"A'a. Ni ne na ce a zuba."

"To, ka huta."

Ta sa aka kawo kwalin madara aka buɗe shi. Ta ce Kawu ya zagaya gari moter ya yi zafi, ya dawo ya kashe, a shimfiɗa kwalin a ƙarƙashi. Awa ɗaya. In ya fito fari, za ta san abin da za ta rubuta. In ya ɓaci, ya yi haƙuri.

Ban taɓa ganin manya goma sha huɗu sun zauna suna kallon kwali ba sai ran nan. Aka ja tabarma inuwar katanga, wani ya hura gawayi. Gambo ya ce a sa wa motar bante. Wani ya ce a yi mata tofi. Kawu ya zauna dab da taya, ya harɗe ƙafa, ya karɓi shayi bai sha ba. Rabin awa ya wuce kwali fari. Minti arba'in, fari. Ni har na fara sakin numfashi.

Saura minti takwas aka ji tal.

Kowa ya ji. Nomau ya rarrafa ya dangwala yatsa, ya murza, ya shinshina, ya daɗe yana shinshinawa fiye da yadda ya saba.

"Zai iya zama ruwan radiyato," in ji shi a hankali. "Da zafin nan."

"Mai ne," in ji Kawu. "Nomau, tashi, kada ka ɓata hancinka saboda ni."

Da awa ta cika Madam Aissa ta fito, aka jawo mata kwalin. Ɗigo ɗaya ne, bai fi ƙwayar wake ba. Ta dube shi ta saman tabarau. Gambo ya ce, "Madam, an ce fari. Wannan kuwa da tabo."

"Haka ne," in ji ta. "Ka tuna mini da wani abu."

Ta juya ta dubi sauran motocin, waɗanda tun safe suke tsaye wuri ɗaya a rana. Ta ce kowa ya shiga tasa ya ja baya taku biyar.

Ba wanda ya yi sauri. Da aka ja, sai ga rairayin ya rubuta labarin kowa. Wani tabon kamar tafin hannu, wani kamar murfin tukunya. Inda shuɗiyar Gambo ta tashi, akuya za ta iya tsayawa ciki da ƙafa huɗu. Motoci biyu kaɗai, sababbi, suka bar ƙasa busasshiya. Madam Aissa ta bi layin tana kallon ƙasa tana rubutu, ba ta sake tambayar kowa abin da ya zuba ba.

Baturiya ta zo ta uku. Madam ta ce ba za ta ba ta Iferwan ba, hanyar ta yi nisa ga tsohuwa, amma Tabelot da ƙauyukan kewaye nata ne, sau biyu a mako. Ta ce duk dawowa za a shimfiɗa kwali, ran da ɗigo ya kai biyar a sauke moter. A gefen sunansa ta rubuta minérale ta ja layi biyu a ƙasa. Gambo yana cikin huɗun da aka bari, kuma bai amsa gaisuwar Kawu ba sai da azumi ya kama.

Ran Asabar da sassafe aka yi lodi. Buhu goma sha biyu na gero da dusa suka hau, Baturiya ta zauna a kan ƙafafunta na baya kamar raƙumin da bai so tashi ba. Kande ta kawo dabino da cuku a ƙulli. Nomau ya zo da bido ɗaya na mai kauri ya ɗaure shi da igiya bayan kujera, ya ce a rabin hanya a tsaya a duba, ko sojoji sun yi fushi.

"In sun tambaye ni dalili fa?"

"Ka ce alwala za ka yi."

Motar sojoji ta yi gaba, sababbin biyu suka bi ta. Kawu ya leƙo ta taga ya ce in gaya wa mahaifiyata ta ajiye masa tuwo ran Litinin, sannan ya sa giya ya shiga layi.